Rumfar Jiran Bas da Mai Biyan Kuɗinta

Mai karatu, a ganina duk wanda yake son ya fahimci yadda siffar rumfar jiran bas ta yi ta sauyawa, to ya fara tambayar wanda ya biya kuɗin gina ta, domin shi ne yake yanke yadda za ta kasance.

Da can hukumar gari ce ko kamfanin sufuri suke kafa 'yar rumfa ta katako ko ta ƙarfe, in ta lalace kuwa sai ta daɗe ba mai waiwayarta, don ba ta kawo wa kowa ko anini. Abin ya juya ne a 1964 a birnin Liyon na ƙasar Faransa. Wani saurayi ɗan kasuwa, Jean-Claude Decaux, wanda sana'arsa kafa allunan talla ce a bakin hanya, ya je wa magajin garin, Louis Pradel, da wata shawara: shi zai gina rumfunan kyauta, ya riƙa wanke su yana gyarawa, a bar shi kawai ya sayar da gurbin talla a jikinsu. Aka amince. To daga nan ne aka samu rumfar da ta game manyan biranen duniya: bango na gilashi, rufi shafal, da allon talla mai fitila a ciki. Akan sa allon a ɓangaren da bas yake nufa, a bar ɓangaren da yake tahowa a sarari, don mai jira ya hango motarsa, direba kuma ya hango shi. Tsabtar ma da dalili, domin ba ɗan kasuwar da zai yarda a liƙa sunan hajarsa a jikin ƙazanta.

A Tarayyar Sobiyet kuwa, inda gwamnati ce mai biya kuma babu talla, sai aka sakar wa magina da masu zane mara. Tsakanin shekarun 1960 da 1980 suka zuba rumfunan kankare masu ado iri-iri a ƙauyuka, kamar waɗanda Zurab Tsereteli ya yi a Fitsunda, masu kama da kumbon kifi da igiyar ruwa. Wasu dai sun fi kyan gani da kare ruwan sama.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta birnin Kuritiba a Brazil, ta 1991, zamanin magajin gari Jaime Lerner, wanda shi kansa mai zanen gine-gine ne. Wani bututun ƙarfe da gilashi ne, mutum ya biya kuɗin mota tun a bakin ƙofa, daɓen kuma daidai yake da na bas, saboda haka ana shiga da fita ba ɓata lokaci.

Amma dabarar Decaux tana da nata aibin, wato rumfa takan bi inda talla take da tsada. A Los Anjeles ta Amurka, duk da zafin ranarta, wani bincike na 2023 ya nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na wuraren tsayawar bas suke da rumfa. A shekarar ne hukumar sufurin birnin ta gwada wani ɗan falankin ƙarfe mai huji-huji da aka ɗaura a jikin sanda, aka raɗa masa suna La Sombrita, wato 'yar inuwa, jama'a kuwa suka yi ta yi masa ba'a, don da ƙyar inuwarsa take rufe mutum ɗaya.