Haɗin gwiwar masana kan dangantakar ɗan Adam da muhalli

Nazarin dangantakar ɗan Adam da muhallinsa fanni ne da ya fi ƙarfin masani guda. Yana buƙatar masana labarin ƙasa da na tattalin arziki da na zamantakewa, tare da su kansu manoma. Wannan ne ya sa hukumar UNESCO ta kafa wani shiri a 1971 domin haɗa masu irin wannan bincike daga ƙasashe daban-daban.

Amfanin haɗin gwiwar ya fito fili bayan farin da ya addabi yankin Sahel a farkon shekarun 1970. A lokacin, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne cewa yawan jama'a da dabbobinsu ne ke janyo kwararowar hamada.

Daga Kano zuwa Kenya

Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya daga 1962 zuwa 1979, sannan a Jami'ar Bayero da ke Kano har zuwa 1986. Bincikensa a ƙauyukan kewayen Kano ya nuna cewa manoma na raya gonakinsu da takin gargajiya da itatuwa, duk da cunkoson jama'a.

Daga bisani ya haɗa kai da Mary Tiffen da Francis Gichuki na Jami'ar Nairobi, inda suka yi nazarin gundumar Machakos a Kenya. Littafinsu na 1994 ya nuna cewa jama'ar gundumar sun ninka fiye da sau biyar tsakanin 1930 da 1990, amma zaizayar ƙasa ta ragu, saboda manoma sun yi wa gonakin kan tudu shingen tare ruwa.

Itatuwan Nijar

A shekarun 2000, Chris Reij na Holand da Gray Tappan na Amurka da Mahamane Larwanou na Nijar sun gwama hotunan tauraron ɗan Adam da bayanan manoma. An ƙiyasta cewa manoma, musamman a Maraɗi da Damagaram, sun raya itatuwa kimanin miliyan 200, ciki har da gawo, a filin da ya kai hekta miliyan 5.

Sai dai masana na jan hankali cewa yawan jama'a kaɗai ba ya gyara ƙasa. Manoman Machakos sun amfana da kasuwar Nairobi, su kuwa na Nijar sun ƙara himma ne bayan sun samu iko a kan itatuwan gonakinsu.