Haruffan da Aka Tsinka da Gangan

Duk wanda ya taɓa lura da lambar da aka fesa a jikin Adaidaita Sahu a Kano ya san wannan rubutu: haruffa masu kauri, kowanne a tsinke kamar an datsa shi da wuƙa. Tsinkewar tana da dalili. In aka huda harafin O a jikin faranti aka zagaye shi tas, cikinsa zai faɗo, don haka ake barin 'yar siririyar gada sama da ƙasa ta riƙe shi. Da an goga fenti, sai wurin gadar ya fito fili. Sunan wannan rubutu sitansil.

Tun a ƙarni na 17 da na 18 ake rubuta manyan littattafan waƙoƙin coci a Faransa da irin faranten nan na tagulla, harafi bayan harafi, domin mawaƙa su iya karantawa daga nesa. A 1781, lokacin da Benjamin Franklin yake jakadan Amurka a Faris, ya sayi cikakken saiti daga wani maƙeri mai suna Jean Gabriel Bery, kuma har yau kayan suna ajiye a Filadelfiya.

Amma fatauci ne ya yaɗa shi. Akwatin katako, ganga da dilar auduga duk suna bukatar suna da lamba, ga leburan tashar jiragen ruwa ba marubuci ba ne. Faranti da burushi sun ishe shi. A 1893 Andrew Bradley ya ƙera injin huda haruffa a birnin St. Louis, aikin ya ƙara sauri.

Sai masu ɗab'i suka yi sha'awarsa. Injin maɗaba'a ba ya bukatar gada ko kaɗan, amma a 1937 kamfanoni biyu a Amurka suka fito da haruffan ɗab'i masu suna Stencil, na R. Hunter Middleton a Ludlow da na Gerry Powell a American Type Founders. Dukansu manyan baƙaƙe ne zalla, masu kauri, an bar musu tsinkewar nan don ado kawai. Nan ne abin ya fi burge mai nazari: tabon da larura ta haifar shi ne ya koma kwalliya.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗaura masa kakin soja, saboda motoci da akwatunan harsashi duk da shi aka yi musu lamba. Shi ya sa shirin talabijin na sojoji mai suna M*A*S*H, da aka fara a 1972, ya rubuta sunansa da shi. Ƙarfin wannan rubutu a kanun labari ne da allon talla. A dogon rubutu yana gajiyar da ido.

Yau yana cikin kwamfuta, amma mai rubutun allo a bakin titi bai daina yanka nasa da reza ba, a jikin kwali ko tsohon hoton ƙashi na asibiti, ya manna a bango ya fesa.