Super Mario Land na 1989: Ƙarfinsa da Rauninsa Tushensu Ɗaya

Gabatarwa

Ranar 21 ga Afrilu, 1989, kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da wata 'yar na'urar wasa ta hannu mai suna Game Boy, tare da wasanni huɗu. Wanda ya fi fice a cikinsu shi ne Super Mario Land, wasan tsalle-tsalle da faɗa, inda mai wasa ke tafiyar da ɗan tsurut ɗin mutum daga hagu zuwa dama, yana tsallake ramuka, yana taka abokan gaba, har ya kai ƙofar ƙarshe. Wannan darasi zai duba inda wasan ya yi ƙarfi da inda ya gaza. Abin da ake son nunawa shi ne cewa ƙarfin da raunin sun fito ne daga shawara guda, wato a gina wasa daidai da ƙaramin allo da ƙaramin aljihu. A ƙarshe za a ga abin da wannan tarihi ke nufi ga mai karatu a unguwa irin Briqueterie ta birnin Yawunde.

Na'urar da mai ita

An kafa Nintendo a birnin Kyoto a 1889, yana buga katin wasa. Mutumin da ya jagoranci ƙera Game Boy shi ne Gunpei Yokoi, wanda ya shiga kamfanin a 1965 a matsayin mai gyaran injuna. Shi ne ya ƙirƙiro ƙananan na'urorin Game & Watch a 1980, kuma a kan ɗaya daga cikinsu ne aka fara ganin madanni mai siffar gicciye a 1982, wanda daga baya ya zama ruwan dare. Aƙidar Yokoi ita ce a ɗauki fasahar da ta kwana biyu, wadda farashinta ya faɗi kuma aka san halinta, a nema mata sabon amfani.

Game Boy ta bi wannan aƙida sau da ƙafa. Allonta ɗigo 160 ne a faɗi, 144 a tsaye. Ba shi da launi sai inuwa huɗu daga haske zuwa duhu a kan kore-kore, kuma ba shi da fitila a bayansa. Batir huɗu ke tafiyar da ita tsawon sa'o'i 15 ko fiye. An sayar da ita yen 12,500 a Japan, kusan dala 90 a Amurka. Abokan hamayyarta sun zo da allo mai launi: Lynx ta kamfanin Atari a 1989, da Game Gear ta kamfanin Sega a 1990. Sai dai kowacce na cinye batir shida cikin sa'o'in da ba su wuce biyar ba. Kasuwa ta zaɓi mai juriya a kan mai ado. Game Boy da ƙanwarta mai launi sun sayu fiye da miliyan 118.

Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiri Mario, ba shi ya yi wannan wasa ba. Sashen Yokoi ne ya ɗauki aikin, Satoru Okada ya ba da umarni, Hirokazu Tanaka ya tsara kiɗa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa wasan ya yi kama da ɗan gidan da aka rena a wani gari: sunan gidan yana nan, amma lafazi ya sauya.

Inda ƙarfinsa yake

Ƙarfi na farko shi ne yadda aka warware matsalar fili. A wasan Super Mario Bros. na 1985, wanda ake yi a talabijin, faɗin allo ɗigo 256 ne, kowane tubali kuma ɗigo 16, saboda haka mai wasa na ganin tubali 16 a jere. Da an kwafo wannan ma'auni zuwa Game Boy, da tubali 10 kacal za a gani, rami ya riski mutum kafin ya ankara. Sai masu tsarawa suka rage tubali zuwa ɗigo 8, aka sami 20 a jere. Mai wasa a kan allon da bai kai tafin hannu ba ya zama yana hango gabansa fiye da na gaban talabijin. A wasan da rayuwa ta rataya a kan auna tsalle, wannan babbar riba ce.

Na biyu shi ne dabarar maye gurbin launi. A wasan talabijin, launi ne ke bambanta naman kazan da ke ƙara girma da wanda ke ƙara rai. Da yake babu launi a nan, sai aka mayar da alamar ƙarin rai siffar zuciya. Haka kuma, maimakon ƙwallon wuta, aka ba Mario wata ƙwallo mai dukan ƙasa ta tashi a karkace, tana dukan bango tana dawowa, tana kuma kwaso sulallan da hannu ba ya kai wa.

Na uku shi ne sauyin yanayi. Labarin ya faru a ƙasar Sarasaland, inda wani baƙon halitta daga sararin samaniya mai suna Tatanga ya sace Gimbiya Daisy. Masarautu huɗu ne: Birabuto mai kama da tsohuwar Masar da dalar Fir'auna, Muda ta ruwa, Easton mai manyan kawunan dutse irin na tsibirin Ista, da Chai mai kama da tsohuwar ƙasar Sin. A ƙarshen masarauta ta biyu Mario na shiga jirgin ƙarƙashin ruwa, a ƙarshen ta huɗu kuma jirgin sama, wasan ya rikiɗe ya koma na harbi. An dunƙule wannan duka a cikin kaset mai ɗaukar kilobayit 64, abin da bai kai nauyin hoto guda na wayar zamani ba.

Na huɗu shi ne kiɗa. Na'urar na da muryoyi huɗu kawai, amma Tanaka ya ba kowace masarauta amo nata. Kiɗan ya shiga kunnuwa har ta kai a 1992 wata waƙa da aka ɗora a kansa ta shiga jerin goma na farko a Ingila.

Inda rauninsa yake

Ragin da ya buɗe fili shi ne kuma ya ƙanƙantar da komai. Mario, kafin ya ci naman kaza, bai wuce ƙwayar dawa ba a kan allo. Ga shi kuma allon na da jinkiri: idan abu ya motsa da sauri, yakan bar inuwa a bayansa, hoto ya dushe. Ƙaramin abu a kan allo mai dushewa, ba fitila, wahala ce ga ido. Da magariba ta yi, sai an nemi haske.

Rauni na biyu ya shafi motsi. Abin da ya ɗaukaka wasan 1985 shi ne yadda gudu da tsalle ke da nauyi irin na jiki, mutum ya ɗauki gudu a hankali, ya tsaya a hankali. A Super Mario Land wannan laushi ya ragu. Mario na faɗowa da sauri, kuma sarrafa shi a cikin iska bai kai na wancan daɗi ba. Wasu ƙa'idoji ma sun sauya. Wanda ya saba taka kunkuru ya harba ƙoƙonsa, a nan zai tarar ƙoƙon bam ne mai fashewa bayan ɗan lokaci.

Na uku shi ne gajarta. Matakai 12 ne kacal, alhali wasan 1985 na da 32. Gwani na iya gamawa cikin kusan rabin sa'a. Akwai zagaye na biyu mai ƙarin abokan gaba ga wanda ya kammala, amma hanyoyin su ne dai na farko. Sannan kaset ɗin ba ya ajiye inda aka tsaya. Da an kashe na'ura, ko batir ya mutu, sai a koma farko. Za a iya cewa gajartar ce maganin rashin ajiyar, tunda wasan da ba a iya ajiyewa dole ya ƙare a zama guda. Amma wanda ya biya kuɗin kaset yana da haƙƙin ya ga abin ya yi masa kaɗan.

Ɗaya hanyar da abin da ta haifar

Domin a yi wa masu tsarawar adalci, ya kamata a dubi wanda ya bi ɗaya hanyar. A watan Oktoba na 1989 kamfanin Konami ya fitar da Castlevania: The Adventure a kan wannan na'ura. Jaruminsa, Christopher Belmont, ya fi Mario girma a allo, zanen ya fi kyau, kiɗan ya sha yabo. Amma tafiyarsa ta hawainiya ce, matakansa huɗu ne, kuma tsallensa na neman daidaito fiye da yadda na'urar ke iya bayarwa. Kowane ɓangare ya biya farashi: wannan ya sayar da gani ya sayi sauri, wancan ya sayar da sauri ya sayi gani.

Sai a 1992 aka sami daidaito, da fitowar Super Mario Land 2. Kaset ɗinsa ya ninka na farko sau takwas, yana ajiye inda aka tsaya, Mario ya girma, matakai sun kai 32. Duk da haka na farkon ne ya fi sayuwa, fiye da kwafi miliyan 18, domin shi ya tabbatar wa duniya cewa cikakken wasa na iya zama a aljihu.

Abin da ya shafi Briqueterie

Briqueterie, wadda ta samo sunanta daga wurin yin tubali na zamanin Jamusawa, ita ce unguwar da aka fi sani da Hausawa a Yawunde, unguwar teloli da masu sayar da yadi da masu tsire. Telan unguwar ya san abin da Yokoi ya sani. Idan aka kawo masa ɗinkin babbar rigar yaro, ba ya ƙanƙantar da ta babba kawai, sai ya sake tsara aikin wuya daidai da ƙyallen da ke hannunsa, ya san abin da zai bari da abin da zai zubar.

Shekarun da Game Boy ta yi tashe shekarun matsi ne a Kamaru. An zabge albashin ma'aikata a 1993, sannan a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin kayan waje ya yi tashin gwauron zabo. A irin wannan hali, yawan batirin da abin wasa ke ci ba ƙaramar magana ba ce. Shi ya sa a kasuwannin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kwaikwayon da ya fi yaɗuwa shi ne na'urar Brick Game mai arha, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta ƙara rage komai fiye da Game Boy ɗin kanta.

Yau Yawunde ba mai saye kaɗai ba ce. Kamfanin Kiro'o Games, wanda Olivier Madiba ya kafa a birnin, ya fitar da wasan Aurion na kwamfuta a watan Afrilu na 2016, bayan fama da ɗauke wutar lantarki a lokacin aikin. Duk matashin da zai bi sahunsu ya tsara wasa da Hausa ko Fulatanci ko Faransanci, zai tarar da tambayar 1989 na jiran sa: ƙaramar waya, caji mai saurin ƙarewa, data mai tsada. Me zai rage, me zai riƙe?

Kammalawa

Super Mario Land ya yi hangen nesa amma ya wahalar da ido, ya cika da sababbin dabaru amma ya ƙare da wuri, ya dace da tafiya amma ba ya tuna inda aka tsaya. Kowane yabo da aka yi masa yana tafe da nasa suka, domin shawara ɗaya ce ta haifi duka biyun. Hausawa na cewa daidai ruwa daidai tsaki. Abin koyi a nan shi ne a riƙa auna kowane aiki da abin da mai shi ke da shi a hannu lokacin da ya yi shi, sannan a tambaya ko abin da ya zubar ya cancanci abin da ya samu. A kan wannan ma'auni, wasan 1989 ya ci riba, ko da yake ribar ba ta zo kyauta ba.