Asalin Robar Folisitairin

A shekarar 1839 akwai wani mai haɗa magunguna a birnin Balin na ƙasar Jamus, ana ce da shi Eduard Simon. Shi ne ya tace ƙaron wani itace mai ƙanshi, ya sami wani mai wanda a yau ake kira sitairin. Da ya ajiye shi 'yan kwanaki, sai ya tarar ya daskare kamar danƙo. Ya zaci iska ce ta shige shi. Amma a 1845 masana biyu, Blyth da Hofmann, suka nuna cewa ko an hana shi iska, in ya ji zafi sai ya daskare.

Ba a gane ainihin al'amarin sosai ba sai a 1920, sa'ad da Hermann Staudinger ya ce ƙwayoyin irin wannan mai su ke kama juna, ɗaya bayan ɗaya, har su zama doguwar sarƙa. Malamai da yawa suka yi masa gardama, amma gaskiyarsa ta fito, har aka ba shi kyautar Nobel a 1953. Tun wajen 1930 kuwa aka fara yin robar a masana'anta a Jamus.

To, aikin yana da wuya. Duk ƙwayar da ta shiga sarƙa sai ta fid da zafi. Man kuwa yana ta kauri, har ya ƙi motsuwa, zafin ya rasa mafita, shi kuma zafi yana ƙara wa aikin sauri. Saboda haka aka shiga sirka shi da wani mai, kamar toluwin, domin ya tsinke, a iya juya shi, a huce shi.

Sai dai sirki yana rage sauri, yakan kuma yanke sarƙa tun ba ta yi tsawo ba, gajeriyar sarƙa kuwa ba ta yin roba mai ƙwari. A 1943 Frank Mayo na Amurka ya fid da lissafin auna wannan yankewa. A 1956 kuma Michael Szwarc ya sami hanyar da sarƙa ba ta daina tsawo muddin ana ƙara mata sitairin.

Da wannan roba ake yin kofuna da farin soso na shirya kaya. Amma haɗarin zafin nan bai gushe ba. A watan Mayu na 2020, a Bisakafatnam ta ƙasar Indiya, sitairin ya yi zafi cikin tanki, tururinsa ya bazu cikin unguwanni da dare, mutum fiye da goma suka rasu.