Yadda Zabura Ta Iso Gwantu

Sunan ya riga littafin isowa. Tun kafin Baturen mishan ya taka ƙasar Jama'a, fataken Hausa da ke ratsa kasuwanninmu sun san Zabura daga bakin malamansu: littafin Annabi Dauda, wanda ake ambata tsakanin Attaura da Linjila. Shi ya sa masu fassara ba su sha wahalar neman suna ba. Waƙoƙi 150 da aka tsara da Ibraniyanci suka yafa sunan Larabci, suka hau harshen Hausa, suka nufo mutanen da Ninzo ko Numana suke yi a gida.

Tafiyar ta ɗauki lokaci. A ƙarni na 19 wani Bajamushe, J. F. Schön, ya fara juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a Ingila, da taimakon Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi. Cikakken littafin kuwa sai a 1932 ya fito, bayan dogon faman da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi. Ya zo a kan gaɓa. Ƙungiyar mishan ta SIM ta riga ta zauna a Kwoi tun 1910, jirgin ƙasa ya mai da Kafanchan mahaɗa a 1927, a nan kusa da mu kuma ƙungiyar mishan ta SUM reshen Afirka ta Kudu ta kafa tasha a Randa, tushen da ya haifi ikilisiyar ERCC. Masu bishara suka riƙa zaga ƙauyuka da littafi ɗaya a jaka, ikilisiya guda na sauraro.

Me ya sa Zabura ta kama ƙasa haka? A ganinmu asirin yana cikin ƙirarta. Mawaƙin Ibraniyawa ba ya dogara da amsa-amo. Yakan faɗi magana, sa'an nan ya sake faɗinta da wasu kalmomi, ko ya kawo kishiyarta. Irin wannan ado ba ya zubewa a hanyar fassara. Ga mutanen da suka tashi cikin waƙar bayarwa da amshi a gona da wurin niƙa, ai gida ta zo. Fasto ya karanta aya, jama'a su karɓi ta gaba. Zumuntar Mata kuwa ba su tsaya jiran izini ba, suka ɗora ayoyin a kan kiɗan tulu. Tsohuwar da ba ta san baƙi ba ta haddace Zabura 23 tsaf, alhali ɗan makaranta yana ta kokawa da ayoyi 176 na Zabura 119.

Katolika sun biyo ta wata hanya. Bayan taron Fatikan na Biyu, 1962 zuwa 1965, Latin ya ja baya, aka fara rera zabura da Hausa tsakanin karatu. Sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki kuma ta fito wajen 1980, mai sauƙin Hausa, ko da yake dattawa da dama sun ƙi rabuwa da tsohuwar, wai ta fi nauyi a baki.

Daga rikicin Kafanchan na Maris 1987 zaɓinmu ya sauya. Da, zaburar godiya muka fi sani, ta bikin kaka. Bayan 1987, sa'an nan rikicin 2011, sai muka koma ga na kuka da neman mafaka, waɗanda ke tambayar Allah dalili ba tare da kunya ba. Ɗauki Littafin kowace uwa a Gwantu ka buɗe tsakiyarsa: shafin Zabura 91 ya fi sauran dauɗar yatsa.