Dala Ɗaya a Toronto

A cikin shekarar 1921 ne, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, likita Frederick Banting da mataimakinsa Charles Best suka tsamo sinadarin insulin daga jikin karnuka, bayan an daɗe ana ɗaukar ciwon sukari na yara tamkar hukuncin ajali. Da abokin aikinsu James Collip ya tace shi, sai aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa a Janairun 1922, ya kuwa farfaɗo.

Daga nan mushkila ta taso, domin ɗakin binciken jami'a, komai fasahar malamansa, ba ya iya wadatar da dubban majinyata. Saboda haka, ala tilas, aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Eli Lilly na Amurka, wanda ya riƙa sarrafa maganin daga sassan shanu da aladu na mahauta. Su kuwa masu binciken, da yake suna ƙyamar a ce likita ya yi tijara da ciwon bayin Allah, sai suka sallama wa jami'a haƙƙin mallakarsu a 1923 a kan dala ɗaya kowannensu, zuhudun da a ganina ba a cika samun irinsa ba.

Amma niyya ba ta ɗaure kasuwa. Kamfanoni suka yi ta sabunta maganin, kowane sabon samfuri da nasa haƙƙin mallaka, har kwalbar Humalog, samfurin insulin na kamfanin Lilly, ta kai kusan dala 275 a Amurka kafin Lilly ya rage farashinta a 2023.