Tsiron tulu mai cin ƙwari: yadda ake rainonsa a gida da halin da yake ciki a daji

A dausayoyin kudu maso gabashin Amurka akwai wani tsiro da ganyensa ke naɗewa ya zama doguwar mazurari mai murfi, ƙwaro ya faɗa ciki ya kasa fita, tsiron kuma ya narkar da shi ya sha amfaninsa. Masana na kiran wannan dangi Sarracenia, ana kuma yi masa laƙabi da tsiron tulu saboda siffarsa. A yau ana sayar da shi a shagunan furanni na Turai, Amurka da Japan, amma da yawa daga cikin waɗanda ake saya ba sa daɗewa, domin ana ba su ruwan da bai dace ba ko kuma a hana su barcin hunturu. A daji kuwa mazauninsa na ta raguwa, har makomarsa ta rataya a kan dokokin filaye, hukuncin kotu da yarjejeniyar cinikayya ta duniya.

Asalinsa da danginsa

An raɗa wa tsiron suna ne don tunawa da Michel Sarrazin, likitan Faransa da ya zauna a Kebek ta Kanada, wanda ya aika samfurinsa zuwa Paris. Masanin tsirrai Carl Linnaeus ya tabbatar da sunan a 1753. Masana na lissafa nau'i 8 zuwa 11, gwargwadon yadda kowa ya rarraba su. Yawancinsu na tsirowa ne daga Bajiniya zuwa Florida, su miƙa yamma har gabashin Texas. Nau'in Sarracenia purpurea ne kaɗai ya kutsa arewa zuwa cikin Kanada, inda lardin Newfoundland ya ɗauke shi a matsayin furen alamarsa a 1954.

Akwai wasu tsirran masu tarkon tulu a wasu sassan duniya: Nepenthes a Borneo, Sumatra, Filifin da Madagaska, Darlingtonia a Kalifoniya da Oregon, Heliamphora a tsaunukan Venezuela da Guyana, sai Cephalotus a kudu maso yammacin Ostireliya. Bambance su yana da muhimmanci ga mai raino, domin sanyin da Sarracenia ke buƙata zai kashe Nepenthes na kwari.

Yadda tarkon ke aiki

Dausayin da tsiron ke rayuwa a cikinsa yana da ruwa da hasken rana a wadace, amma ƙasarsa mai tsami ce, kuma ba ta da isasshen naitirojin da fosfaras. Abin da saiwa ta rasa a ƙasa, shi ganye ke nemowa a jikin ƙwari. Kamar kowane koren tsiro, da hasken rana yake haɗa abincinsa. Ƙwari suna tsaya masa ne a matsayin taki.

Bakin tulun da murfinsa na fitar da ruwa mai zaƙi, launinsa kuma na jan ƙudaje, tururuwa, zanzaro da makamantansu. Ƙasa da bakin kaɗan bangon yana da santsi, sai ƙafar ƙwaro ta zame. Can ciki akwai gashi da ke kallon ƙasa, wanda ke barin a sauka amma ya hana a hau. A gindin tulun sinadaran narkarwa da ƙwayoyin bakteriya ke ƙarasa aikin. Murfin ba ya rufewa kamar yadda mutane da yawa ke zato. A dogayen nau'o'i irin su Sarracenia flava, wanda kan kai tsawon mita guda, aikinsa shi ne tare ruwan sama. Shi kuwa purpurea bakinsa a buɗe yake, ruwan sama na cika shi, kuma tsutsotsin wani sauro mai suna Wyeomyia smithii na zaune a ciki suna taimakawa wajen sarrafa abin da aka kama.

Rana, ruwa da ƙasa

Rana ita ce sharaɗi na farko. Tsiron na buƙatar aƙalla sa'o'i 6 na rana kai tsaye a kowace rana, don haka ya fi kyau a baranda, tsakar gida ko ɗakin gilashi na rainon tsirrai. Idan aka ajiye shi a lungun falo, tulunansa sukan fito dogaye, koraye, marasa ƙarfi, su riƙa faɗuwa.

Ruwa shi ne abin da ya fi kashe shi a hannun sababbin masu raino. Saiwarsa ba ta jure gishirin ma'adinai, saboda haka ruwan famfo, na rijiya da na burtsatse a yawancin wurare ba su dace ba. Ana amfani da ruwan sama ko ruwan da aka tace ta hanyar tururi. Masu raino kan auna narkakkun ma'adinai da wata ƙaramar na'ura, kuma ƙa'idar da suka fi bi ita ce kada su wuce kashi 50 cikin miliyan. Tafasa ruwa ba ya cire ma'adinan. A lokacin girma ana ɗora tukunyar a cikin tire mai ruwa santimita 2 zuwa 5, kuma ba a bari ya ƙafe.

Ƙasar da aka saba amfani da ita ita ce ruɓaɓɓiyar gansakukar dausayi, wadda 'yan kasuwar lambu ke kira fit, a cakuɗa ta daidai wa daida da farin dutse mara nauyi da ake kira falayit, ko da wankakken yashin silika. Ƙasar lambu, takin gargajiya da takin zamani duk suna ƙona saiwar. Tukunyar roba mai huji a gindi ta fi ta yumɓu, domin yumɓu na tsotse ruwa kuma yana iya sakin ma'adinai. Ba a jefa nama ko ragowar abinci a cikin tulun, don ruɓewa zai yi. Tsiron da ke waje yana kama abin da ya ishe shi, har tulunansa su cika maƙil kafin ƙarshen shekara.

Barcin hunturu

Daga wajen watan Oktoba, idan yini ya fara gajarta kuma sanyi ya sauko a arewacin duniya, tsiron kan daina fitar da sababbin tuluna, tsofaffin su fara bushewa daga sama. Mutane da yawa na ɗauka ya mutu su zubar da shi, alhali ransa na cikin tushensa, wanda ke kwance a saman ƙasa kamar citta. Wasu nau'o'in, irin su flava da oreophila, kan fitar da ganye shimfiɗaɗɗe mara tarko da ke ci gaba da karɓar haske a wannan lokaci.

Barcin na ɗaukar wata 3 zuwa 4, galibi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a yanayin sanyi tsakanin digiri 0 zuwa 10 a ma'aunin Salshiyos. Tsiron da aka shigar ɗaki mai ɗumi don tausayi zai ci gaba da girma da ƙyar, ya cinye ajiyar da ke cikin tushensa, ya yi rauni shekara bayan shekara har ya mutu.

A wannan lokaci ana rage ruwa: ƙasar ta kasance da danshi, amma tukunyar ba ta zaune cikin ruwa mai zurfi. Ana yanke busassun sassan tulun da almakashi mai tsabta a bar koren ɓangaren, saboda matattun ganye ne mafakar funfuna mai ruwan toka da ke ruɓar da tushe. Dole iska ta riƙa ratsa wurin.

Inda hunturu ke da sauƙi, kamar yawancin Birtaniya, ana barin tsiron a waje ko a ɗakin gilashin da ba a ɗumamawa. Inda ƙanƙara ke daɗewa, haɗarin ya fi yawa ga wanda ke cikin tukunya fiye da wanda ke cikin ƙasa. Idan tukunyar ta daskare gaba ɗaya kuma busasshiyar iska na kaɗawa, ganye na zubar da ruwa, saiwa kuma ba ta iya maye gurbinsa, sai tsiron ya mutu da ƙishirwa a tsakiyar ƙanƙara. Maganin haka shi ne a binne tukunyar a ƙasa har bakinta a lulluɓe da ganyen fain ko ciyawa, ko a mayar da ita gareji mai sanyi kusa da taga.

Ƙarshen barci, wajen Fabrairu zuwa Maris, shi ne lokacin sauya ƙasa da raba tushen da ya yi rassa, muddin kowane yanki na da saiwa da kan tsiro. Fure ne ke fara fitowa kafin sababbin tuluna su buɗe, abin da ke rage wa ƙudan zuma masu barbara haɗarin faɗawa tarko. Iri ma sai ya yi mako 4 zuwa 6 cikin sanyi da danshi kafin ya tsiro, sannan ya ɗauki kimanin shekara 4 zuwa 5 kafin ya yi fure.

A ƙasashe masu zafi

Hunturun Kano ko Damagaram bai kai sanyin da ake buƙata ba: da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 10, da rana kuma zafi na komawa kusan 30, ga busasshiyar iska. Masu raino a wurare masu zafi kan koma ga firji. Ana ciro tushen, a wanke, a yanke tulunan, a naɗe shi da gansakuka mai ɗan danshi a cikin leda, a ajiye a ɓangaren kayan lambu na tsawon wata 3, ana duba funfuna duk bayan mako 2. Wannan dabara ta dogara ne kacokan ga wutar lantarkin da ba ta yankewa.

Abin da ya fi dacewa da yanki mai zafi shi ne Nepenthes na kwari, irin su ampullaria da gracilis, waɗanda ba sa barci kwata-kwata. Su kuma suna son laima a iska, haske mai inuwa-inuwa, da ƙasar da ruwa ke wucewa ba ya kwanciya.

Halin da yake ciki a daji

Babban mazaunin Sarracenia shi ne dausayoyin da ke cikin dajin fain mai dogon ganye, wanda a da ya mamaye kusan eka miliyan 90 a kudancin Amurka. Zuwa ƙarshen ƙarni na 20, abin da ya rage bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 ba. Sare itatuwa, janye ruwan fadama don noma da gina unguwanni ne suka ci mafi yawa. Hana gobarar daji ma ya yi tasa ɓarnar, domin wutar da tsawa ke tayarwa ce ke ƙone ƙananan itatuwa ta buɗe wa tsiron rana. Shi ya sa a yau masu kula da wurare irin su Green Swamp a jihar Karolina ta Arewa ke cinna wuta da gangan bisa tsari.

Sai kuma masu tono don sayarwa, da masu yankan fararen tulunan leucophylla don kasuwar furanni. Ƙarƙashin dokar Amurka ta 1973 kan halittun da ke fuskantar ƙarewa, an sanya oreophila cikin jerin a 1979, jonesii a 1988, sai alabamensis a 1989. Waɗannan ukun na cikin rukunin farko na yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, inda aka haramta cinikin waɗanda aka ɗebo daga daji tsakanin ƙasashe. Sauran nau'o'in na rukuni na biyu, wanda ke buƙatar takardar izini. Najeriya, Nijar da Ghana duk suna cikin yarjejeniyar.

Kare tsiro ba ya wadatarwa idan ba a kare ruwan da yake tsaye a kansa ba. A watan Mayun 2023, Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Sackett da hukumar kare muhalli ta EPA, ta taƙaita kariyar dokar tsabtar ruwa ga dausayoyin da ke haɗe kai tsaye ta saman ƙasa da manyan ruwaye. Dausayoyin tsiron tulu da yawa a ware suke, ruwan sama da ruwan da ke tsattsafowa daga ƙasa ne ke ciyar da su, don haka makomarsu ta koma hannun jihohi. A shekarar ce majalisar Karolina ta Arewa ta daidaita dokarta da ma'anar tarayya, duk da ƙin amincewar gwamna.

Batun ƙasar gansakuka

Akwai wani tufka da warwara a cikin wannan raino: ƙasar da ake shuka tsiron dausayi a cikinta, daga wani dausayin ake haƙo ta. Filayen fit sun rufe kusan kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa, amma kabon ɗin da ke cikinsu ya zarce na itatuwan dazuzzukan duniya baki ɗaya. Suna taruwa da kimanin milimita 1 a shekara, wato abin da injin ya kwashe a yini guda zai ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya dawo. A 2022 gwamnatin Birtaniya ta sanar da niyyar hana sayar da fit ga masu lambun gida a Ingila zuwa 2024, amma wa'adin ya cika ba tare da an kafa dokar ba. Wasu masu raino sun koma ga wankakken ɓawon kwakwa, ɓawon itacen fain, da gansakukar da aka noma. Ɓawon kwakwa na iya ɗauke da gishiri, don haka sai an jiƙa shi an ɗauraye sau da yawa.

Kafin a saya

Yau ana hayayyafa waɗannan tsirrai da yawa daga iri, da rabon tushe, da kuma a ɗakunan gwaje-gwaje, saboda haka babu dalilin sayen wanda aka tono daga daji. Mai saye na da haƙƙin tambayar inda tsiron ya fito, kuma dillalin da ya kasa amsawa abin gudu ne. Tsallaka iyaka da shi na buƙatar takardar CITES da shaidar lafiyar tsiro. A Najeriya hukumar NAQS ce ke ba da izinin shigo da tsirrai.

Haka kuma ba a dasa shi a dausayin da ba nasa ba. Purpurea da aka dasa a wani dausayi na ƙasar Ireland a 1906 ya bazu ya fara danne tsirran asali na wurin, kuma a wasu dausayoyin Ingila an kai ga tumɓuke shi da hannu.